Mai Baro da Rogon Inna

A shekarar 1981 na fara ganinsa, ranar Talata, sha huɗu ga Afrilu. Ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya riƙe mini ranar ba, a rubuce take. A makarantar mishan an horar da mu mu sa kwanan wata a saman shafi, mu ja masa layi da rula, kuma tun da na bar makarantar ban taɓa barin yini ya wuce ban rubuta masa ko da layi biyu ba. Ga abin da na rubuta a ranar: "Mun tare a sabon gida. Mai baro ya fasa madubi." Watan jiya 'yarsa ta bugo waya ta ce mini ya rasu, shi ya sa na sauko da littattafan daga kan kabad.

Canjin wurin aiki aka yi mini, ina malamin gona, motar kaya kuma ta sauke mu a tasha ta ƙi shiga unguwa. Cikin masu baron da suka yo kanmu, shi kaɗai ne bai buɗe baki ba. Saurayi ne siriri, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wandonsa ɗaure da igiya. Mai ɗakina, wadda yaranmu ke kira Inna har duk titin ya ɗauka, ita ta nuna shi. Sawu huɗu ya yi. A na ƙarshe aka ɗora madubin kabad ɗinta, a samansa kuma damin itacen rogo da ta taho da shi daga gonar mahaifiyarta. A bakin kwalbatin titinmu tayar baron ta faɗa rami, kaya suka karkata. Hannu ɗaya ne ya rage masa. Ya cafe damin, madubi ya tafi ƙasa.

Inna ta ce, "Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? Ka saki madubi ka rungume itace?"

Ya cire hula ya riƙe. "Inna, madubi akwai shi a kasuwa. Wannan in idanunsa suka goge, ba zai tsiro ba."

Ta dube shi. Sannan ta juyo gare ni. "Malam, ka ji. Shekara uku ka yi a makarantar noma, ga wanda ya fi ka sani yana tura baro."

Wanda bai taɓa noma rogo ba yana bukatar ya san abu ɗaya. Ba a shuka shi da ƙwaya. Itacensa ake sarawa guntu-guntu, kowane guntu da idanu shida ko bakwai, a soka shi a ƙasa a karkace. Itacen kuma ba ya ajiyuwa kamar hatsi. In ya yi wata biyu ba a dasa shi ba, ya zama na hura wuta. Saboda haka irin rogo ba ya zama a buhu ko a kwalba, sai dai a cikin ƙasa, a hannun wanda ke dasa shi kowace shekara. Shekarar da kowa ya daina, shi ke nan ya tafi.

Na Inna tsinken ganyensa ja ne, irin jar tawadar da malamanmu ke gyara mana rubutu da ita. Ana iya ɓare shi a ci ɗanye a tsaye a gona, in an ɗora shi a wuta kuwa, kafin a gama shimfiɗa tabarma ya fashe. Ban taɓa samun sunansa a wani littafi ba. A titinmu rogon Inna ake ce masa.

Kafin mai baron ya tafi, ta kwance damin ta sara masa guntu goma sha biyu.

"Rance ne, ba kyauta ba. Sha biyu na ba ka, sha biyu za ka dawo mini da su, ba ƙari ba ragi."

"To, Inna."

"Kana da gona ma kuwa?"

"Zan samu."

Bai taɓa samu ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana noma a ƙasar mutane: filin da aka saya ba a gina ba, gefen hanyar jirgi, bayan katangar asibiti, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ranar da ya ga an sauke yashi ko bulo a wurin, ba ya jiran a kore shi. Sai ya tone abin da ya yi, ya sare itacen ya ɗaure, ya ɗora a baro ya kama neman wani filin. Wurare goma sha ɗaya na samu a littattafaina, kuma na san akwai waɗanda ban rubuta ba. In ya wuce ta gaban masu shayi sai su ce, "Ga Mai Baro can ya ɗauko gonarsa." Sunan da ya bi shi ke nan har furfura.

Ya auri wata mai ɗinki, mace mai baki, wadda ta ce ita ke yi musu maganar su biyu. Suka kama ɗaki a bayan kasuwa, suka haifi 'ya ɗaya. Duk lokacin da ya kawo mana gawayi ko buhun siminti, Inna ta tare shi a tsakar gida.

"Mai Baro, ina bashina?"

"Bai nuna ba tukuna, Inna."

"Shekara goma bai nuna ba? Rogo ne ko giginya?"

"Ai na bayan gidanki ya ishe ki. In na biya, me za ki riƙa tambayata?"

"Ka ji ɗan nema. Malam, kai ne shaida."

Ni ne shaida.

Na yi ritaya a 2005. Da shekara ta zagayo aka fara gina kamfanin itanol a bakin gari. Gwamnati ce ta yi doka, cewa cikin kowace lita goma ta fetur, ɗaya ta zama itanol, wato barasar da ake samu daga sitacin rogo, a tace ta har ta iya tayar da inji. A gari man rogo ake ce masa. Yin sa ya fi sayen fetur tsada, ba wanda ya ɓoye wannan, don haka gwamnati ta ɗauki nauyin cike giɓin: kowace litar da ta fita daga get, wato babbar ƙofar kamfani, akwai tallafin da take biya a kai. Da wannan tallafin kamfani ke sayen rogo a farashin da manomi bai taɓa ji ba. Na karanta takardun daga farko har ƙarshe. Shekara ashirin aka rubuta za a yi ana biyan tallafin.

Masu kamfanin suka neme ni saboda manoma sun san ni. Aka ba ni babur da hula mai tambarin kamfani. Na yarda da abin, ba zan ɓoye ba. Shekara talatin na yi ina koya wa mutane su ƙara noma abin da ba shi da mai saye, ga mai saye ya zo har ƙofa.

Kamfani ya zo da nasa irin, mai lamba ba suna, manoma suka sa masa ɗan kamfani. Yana da nauyi, yana da sitaci, amma ɗaci gare shi mai guba. In ba a ɓare shi an jiƙa kwana huɗu ko biyar an shanya ba, yana kashe akuya, yana kwantar da mutum. Inji bai damu da ɗaci ba. Abin da inji ba ya so shi ne rogon ci, don sitacinsa bai kai ba. Masanan kamfani kuma suka ce tsohon iri na ɗauke da cutar ganye da zai shafa wa sabon. Sharaɗi na bakwai a takardar ya ce duk wanda zai karɓi iri da taki, sai ya tumɓuke tsohon rogonsa, a ƙone itacen a gaban jami'i. Ni ne jami'in.

A taron farko wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na bayan gidanka fa?" Gaskiyarsa ce. Na dawo na sami Inna tana tsince wake, na gaya mata nata ma za a tumɓuke.

Ta ce, "Layi biyu kawai ka bar mini."

"In na bar miki biyu, kowa zai bar biyu."

"To kowa ya bari mana. Mutum fetur zai sha?"

"Da abin da za a samu, kya sayi duk abin da kike so."

"A ina zan saye shi, in kowa ya ƙone nasa?"

Na ce mata yana nan cike a ƙauyuka, ba zai ƙare ba. Ni ne mai takardar shaidar noma a gidan. Ta ci gaba da tsince wakenta.

A lokacin gwiwoyin Mai Baro sun fara gajiya, babura masu ƙafa uku kuma sun ƙwace aikin dako. Ni na nema masa aiki a kamfani, kuma sharaɗi na bakwai, da ya haɗa har da ma'aikata, ya hau kansa kamar kowa. Ranar Asabar, sha bakwai ga Maris, 2007, shi ya kwashi itacen zuwa filin ƙwallo. Dami tara daga gidana, huɗu daga ƙarƙashin wayoyin lantarki inda yake noma. Na ƙirga da kaina. Ɗanyen itacen rogo ba ya son wuta, sai da aka zuba kananzir sau biyu. Ya tsaya a gefe riƙe da hannayen baronsa, bai sake su ba har wutar ta mutu. Na ce masa nan da shekara biyu zai gode mini. Ya ce, "To, Malam."

Aikinsa a kamfani tsoma kwando ne. Duk motar da ta shigo, zai hau ya zaɓi rogo daga gaba, daga tsakiya, daga baya, ya cika kwandon waya kilo biyar cif a kan sikeli, sannan ya tsoma kwandon cikin duron ruwa a sake aunawa. Rogo mai sitaci ya fi nauyi a cikin ruwa, kuma wannan nauyin ne ke yanke wa mota farashi. In wani ya cusa rogon ci a tsakiyar kaya, allurar sikeli ta faɗi, a juya motar. Ba a yi wata shida ba ya daina bukatar allurar. Da ya ɗaga saiwa a tafin hannu ya san ko wace iri ce.

Direbobi su leƙo ta taga. "Baba Mai Baro, a tsoma da tausayi, akwai iyali."

"Ba ni ke aunawa ba, ruwa ne."

"To a roƙar mana ruwan."

"Ba ya jin magana. Ku ja gaba."

In an tashi, sai ya kwashe ragowar rogon gwaji da ɓawo ya kai juji a bayan ɗakin tukunyar tururi. Wurin na da wari irin wanda ke bin mutum har gida, ko Manaja bai taɓa leƙawa ba. Shi ya roƙa a bar masa wannan aikin, ba kuma wanda ya yi takara da shi. An sayo sababbin baro masu fenti, ya ce a bar shi da nasa, hannunsa ya saba da shi. Ranar da ya fara aiki ya turo shi ta get, masu gadi suna dariya, bai ƙara fita da shi ba.

An yi shekaru masu kyau, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Rufin kwano ya yi yawa, babura suka cika hanya, 'ya'yan manoma suka shiga makarantun kuɗi. Garin kullum yana warin tsami, muka saba. Shekara ta biyu rogon ci ya ɓace daga kasuwa, ba wanda ya kula sosai, tunda akwai shinkafa da burodi. Inna ta share bayan gida ta bar shi fili. Na kawo mata ɗan kamfani don ta dasa, ta ce in kai wa babur ɗina ya ci. Mai Baro ya daina shigowa, daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya wuce. Ba ta ƙara tambayarsa bashinta ba.

A 2011 ta kwanta. Likita ya ja ni baranda ya faɗa mini sunan ciwon, na sa ya maimaita don in rubuta daidai. Abinci ya daina zama mata. Wata rana da hantsi, tana kallon silin, ta ce, "Da zan sami rogona, da na ci." Ba gori ta yi mini ba, faɗa kawai ta yi. Na hau babur ɗin kamfani na zaga kasuwanni shida. Wani da na kawo duk zare ne, wani ya ƙi dahuwa. Ta ɗan taɓa da harshe ta juya fuska bango.

Littafina na uku ga Oktoba ya ce: "Matar Mai Baro ta kawo kwano. Inna ta ci rabi." Na tuna ina shiga ɗakin, sai Inna ta ja murfi ta rufe kwanon. Na tambaya mene ne.

Mai ɗinki ta ce, "Abincin mata ne, Malam. Ka je ka yi rubutunka."

Sau biyar kwanon ya zo. Ranar sha tara ga Nuwamba ta rasu. Mai Baro ya zo ya zauna a ƙarshen benci, hula a gwiwa.

A Oktoban 2013, a labaran rana, rediyo ya ce gwamnati ta janye tallafin itanol, ta kuma dakatar da dokar haɗa shi da fetur. Fetur ya yi araha a duniya, in ji su, kuma tallafin ya yi wa baitulmali nauyi. Maganar ba ta kai minti biyu ba, aka shiga labarin wasanni. Kamfani ya ƙara kwana tara yana aiki, rana ta goma aka liƙa takardar rufewa a get.

Rogo in an tone shi kwana uku yake yi ya fara ruɓa. Motoci arba'in da uku na ƙirga a layi, cike, daga get har gidan mai. Rana ta huɗu baƙin ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashinsu. Ba wanda ya zage ni. Dattijon nan da ya taɓa tambayata na bayan gidana ya dube ni ya ce, "Malam, shekara ashirin ɗin ta yi sauri." Na mayar da babur, na ajiye hular a kan sirdinsa, na dawo gida a ƙasa.

Daga nan gari ya zauna a tsakiyar gonaki cike da rogon da ba a iya dafawa a ci. Kowane gida duro da bokiti, ana jiƙo. Wanda ke da abin da zai ci na kwana biyar ya jira kwana biyar. Wanda ba shi da shi ya tsame a kwana biyu. A watan Janairu aka kwashi mutum biyar 'yan gida ɗaya zuwa asibiti, uku suka dawo. Na rubuta, na ja layi, na rufe littafin. Na yi ta jiran in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Abu ɗaya ne ya riƙa tashe ni da safe, neman irin. Na yi tafiyar kwana biyu a mota zuwa ƙauyen su Inna. Can ma an yi musu kamfani, can ma an rufe. Ƙanenta ya zaga da ni gonar mahaifiyarsu, ganye kore tun daga sama har ƙasa, babu ja ko ɗaya.

Na ce, "Ba wanda ya ɓoye ko layi ɗaya?"

Ya ce, "Yaya, wani irinka ne ya zo da babur. Mai kirki ne, ya iya bayani."

Mai Baro kuwa ba a sallame shi ba, don ba wanda ya tuna da shi. Banki ya karɓe kamfanin, ya kawo nasa masu gadi, aka rubuta duk abin da ke ciki, aka ce ko ƙusa kar ta fita. Shi aka bar shi yana share harabar. Na same shi wata rana zaune a kan duron da yake tsoma kwando, duron a kife. Muka gaisa ta tsakanin ƙarafan get.

Na ce, "Kai da ka zaga garin nan da ƙafa, ko ka san inda zan sami rogon Inna? Ko sanda ɗaya."

Ya kalli mai gadin banki, ya kalli ƙasa. "Malam, ai kai ka tsaya aka ƙone."

"Na sani."

"Har ka ƙirga."

"Na ƙirga."

"Yaya ƙafar nan taka mai ciwo?"

Na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Na juyo.

Ƙarshen Afrilun 2014 aka kira mu 'yan fansho don a tantance mu a babban birni, na kwana uku a gidan ɗana. Ina can aka yi ruwan farko. Da na dawo na zaga bayan gida in ɗauko bokiti, sai na ga an yi kunya biyu an soka sanduna. Na ɗauka maƙwabcina ne ya ga fili a banza ya dasa ɗan kamfani, don itacen rogo in ba ganye duk kamarsu ɗaya. Na yi niyyar tumɓukewa, sai na ga ko wannan ma aiki ne. Na bar su.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan na fita shanya tawul. Idanun sun buɗe, ganye ƙanana sun fito kamar tafin jariri. Na koma ɗaki na ɗauko tabarau, na durƙusa. Tsinken ja ne.

Na tafi kamfani a ƙasa. An sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, suna yanka tankuna da wuta, get a buɗe. Suka ce tsohon ya tafi tun makon jiya. Na wuce bayan ɗakin tukunyar tururi, karo na farko a rayuwata. Jujin ya bushe ya zama tudu. A bayansa, tsakanin tudun da katanga, akwai wani siririn fili da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Kunya huɗu, an sare itacen, kututture ne kawai a jere. Sawun taya ɗaya ya fita daga wurin ya nufi get.

A ɗakinsu na bayan kasuwa na sami mai ɗinki tana kan keke, kaya a ɗaure kewaye da ita. Ta ce shi ya riga ya wuce wurin 'yarsu da baronsa da daminsa, ita sai ta gama ɗinkin mutane.

"Sai yau ka gani? Na ce masa mutumin nan sai ganye ya fito zai gane, malamin gona ne."

Na ce, "Dami huɗu ne nasa. A gabana aka ƙone."

"Dami ka ƙirga, Malam, ba ka ƙirga baro ba. Hannun baro ba bututu ba ne? Guntu uku ya zura a dama, uku a hagu, ya toshe da tsumma. Ni na ba shi tsumman. Yana tsaye a gabanka yana riƙe da su, kana ta yi masa wa'azi."

Na zauna a kan wani ƙullin kaya ba tare da an ce in zauna ba.

"Shekara bakwai yana dasawa a cikin warin nan. Kullum ya dawo sai na sa shi wanka sau biyu. Ga shi ba ya iya fitowa da ko saiwa ɗaya, ana laluben su a get. Sai dai ya ci a can, saura ya binne."

"Kwanon fa?"

Ta tsayar da keken. "A bututun tururi ya dafa, ya zuba a kwanon abincinsa. Masu gadi ɗanyen rogo suke nema da kwalbar barasa, wa zai buɗe kwanon tsoho? Da Inna ta sa a baki ta dube ni ta ce, 'Ashe ɗan neman nan yana da shi.' Ta ce kar a gaya maka."

"Don me?"

"Don me? Ka je ka ƙirga ka ƙone? Ko ka yi shiru ka ci amanar aikinka? Ta ce ba ka iya ko ɗaya ba, a bar ka da littafinka." Ta gyara zare a allura. "Ta kuma ce in gaya masa ba ta yafe bashin ba."

Ta ci gaba da ɗinki. Na ɗan zauna, sannan na yi mata sallama.

Ban ƙara ganinsa ba. Sau biyu na sa ɗana ya kira 'yarsa, aka ba shi wayar, muka gaisa, ya tambayi ƙafata. Da na fara maganar rogon sai ya ce ba ya ji sosai, layin ba kyau. 'Yar ta ce har ya kwanta ciwon ajali yana dasawa a wani fili bayan tashar mota, wanda mai shi bai zo ya gina ba tukuna. Yau ana samun rogon Inna a gidaje da dama a titinmu da wasu titunan, daga bayan gidana ya fita. Masu sayarwa ba su san dalilin sunan ba.

A ranar da na baro ɗakin mai ɗinki, da na iso gida ban shiga ɗaki ba, na zaga baya. Kowane guntu idanu bakwai, a karkace, fuskarsa gabas, yadda Inna ke dasawa. Na bi kunyar farko da yatsa, na dawo ta biyun. Na sake bi, don a makaranta an koya mana a ƙirga sau biyu. Sha biyu ne cif. Bai ƙara ko ɗaya ba.